Ido Tara a Bakin Kwanon Inna

Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ɗauki kwanon azurfar da ubanmu ya ƙera da hannunsa ya ba wani Balarabe da ba a taɓa haifa ba. A gabana ya yi, ina tsaye da tsumma a hannu, a falonsa na Nassarawa GRA. Bai tsaya nan ba, sai da ya nemi in sa magagari in kankare yayarmu daga jikin kwanon, wai ta ɓata masa kyau. Abin da aka yi mini ke nan. Na sa shi a farko don kada wani ya kai rabin karatu yana zaton labarin zumunci zan ba shi.

Mu maƙera ne. Ba na baƙin ƙarfe ba masu fartanya da lauje, mu farfaru ne, aikinmu azurfa da tagulla, warwaro da zobe da ɗan kunne. Baba yana da rumfa a ƙofar gidanmu a cikin birni, nan ubansa ya zauna kafin shi. Ni aji huɗu na yi a firamare aka cire ni, domin kafaɗar Baba ta fara ciwo, zuga-zugi kuma ba ya hura kansa. Auta, wato ƙanen nan nawa, shi aka bari ya yi ta karatu har sai da karatun ya gaji da shi. Yanzu Dokta ake ce masa. Ba na allura ba, na takarda. In kanka na ciwo ka je wurinsa, sai dai ciwon ya ƙaru. Yana da ofis mai sanyi a wata ma'aikata, ya auri 'yar gidan malamai, ya gina gida a unguwar da bishiyoyi suka fi mutane yawa. Ni kuwa ina Kaura Goje, ina liƙe wa mata ɗan kunnen da ya karye, ranar da babu wannan in sa wa tukunyar dalma hannu. In wani ya ce hassada ce ke cina, ba zan yi rantsuwa ba. Akwai ta. Amma ba ita ce ta sa ni wannan rubutu ba.

Shekarar da Baba ya auro Inna, tun Bature na mulki, ya ƙera mata kwanon sha. Tsoffin sulalla ya tara, irin waɗanda aka daina ciniki da su, masu azurfar gaske. Ya narka su, ya zuba, suka daskare kamar waina. Daga nan sai bugu. Ana farawa ne daga tsakiya, a riƙa zagayawa ana fitowa baki, masaba, wato gudumarmu, na sauka kusa da inda ta sauka ɗazu. Azurfa in ta sha bugu takan yi taurin kai, in ka matsa mata ta tsage. Sai a mayar da ita wuta ta yi ja, a tsoma a ruwa, ta sauko, a ci gaba. Wata guda ya yi yana wannan, bayan ya gama aikin mutane. Kwanon bai fi tafin hannu biyu ba. Babu liƙi ko ɗaya a jikinsa, daga gindi har baki abu guda ne. Bakin ya naɗe shi waje kaɗan don kada ya yanki leɓe. Gindin ya tura shi ciki don ya zauna a ƙasa, kuma yatsa ya sami wurin kamawa. A ciki ya bar sawun masaba, jere-jere kamar ɓawon kifi. In ka ɗalle shi da farce, sai ka gama gyara zama yana ƙara.

Kwana shida aka sha abu da shi, daga nan ba a ƙara ba. Da Inna ta yi haihuwar fari, wato Yaya Babba, a ciki ake kai mata kunun kanwa. Matar limamin unguwa ta zo barka ta gani. Kafin la'asar liman ya aiko a kira Baba, ya gaya masa sha a cikin azurfa bai halatta ba, ga mace ga namiji. Baba ba mai musu da malamai ba ne. Ya dawo ya karɓi kwanon, ya wanke, ya zauna yana juya shi a hannu. Inna ta ce har magariba bai ajiye shi ba. Wata guda na bugu, ga shi an ce ko ruwa kada a sha. Ranar suna da safe sai ya ɗauki madoshi, ɗan ƙarfen da ake ɗorawa a buga ya bar zane, ya buga da'ira ƙarama a ƙasan bakin kwanon, da ɗigo a tsakiyarta. Ya miƙa wa Inna ya ce, "Tunda an hana shi kunu, sai ya riƙe mana yara."

Irin wannan zane mu ido muke ce masa. Duk haihuwa, ranar suna, Baba ya buga ido ɗaya kusa da na baya. In yaro ya koma, sai ya ɗauki ƙaramin kurfi, mai baki kamar na farce, ya ja wa idon gajeren layi a tsakiya. Ya rufe ke nan. Tara Inna ta haifa. Na biyu da na uku ƙyanda ta kwashe su cikin mako guda. Na huɗu bai yi arba'in ba. Ni ne na biyar. Na shida ya koma, ta bakwai tana nan tana aure a Gama, na takwas ya koma. Na tara shi ne Dokta. Ba wata al'ada ba ce ta maƙera, ban taɓa ganin wani gida na yi ba. Baba ne kawai, mutumin da bai iya rubutu ba, ya sama wa kansa littafi.

A akwatin ƙarfe Inna take ajiye shi, naɗe cikin tsohon ɗankwali. Ranar salla takan fito da shi mu gani. In ta ga muna faɗa ma takan fito da shi, sai ta ajiye a tsakaninmu, mu ga rufaffu sun fi buɗaɗɗu yawa, kunya ta kama mu. Auta yana ƙarami ta sha kama yatsansa ta ɗora a kan ido na ƙarshe ta ce, "Ga ka nan, sarkin kuka." Na faɗi wannan ne don kada wani mai kyakkyawan zato ya ce wataƙila bai sani ba.

Akwai abin da ya kamata a sani game da Yaya Babba. Da aka haifi Auta, Inna ta kwanta ciwo, nono ya ɗauke. Lokacin Yaya tana gidan miji da jaririnta. Ta tattaro ta dawo gida, ta haɗa su biyu, nata a dama, na Inna a hagu, wata biyar. Duk ƙibar wuyan nan da Dokta yake juyawa a cikin babbar riga, da nononta aka sa harsashi.

Yaya ta rasu bayan Baba da shekara huɗu. Auta yana ƙasar waje yana neman takardar da ta mai da shi Dokta, ya yi waya ya yi kuka, wannan kam na shaide shi. Bayan sadakar uku Inna ta kira ni ɗakinta, ta warware ɗankwalin, ta ce, "Ungo. Ubanka ba ya nan." Na kai kwanon rumfa, na kifa shi a kan kututturen da Baba yake kifa shi, na ɗora kurfi a kan ido na farko. Na yi shekara fiye da ashirin ina bugu a lokacin, ban taɓa kuskure irin na ranar ba. Idona ya cika, kurfin ya zame. Layin ya karkace, ya wuce da'irar, ya bar 'yar loɓa a gefe. Na kai wa Inna ina jin kamar in nutse. Ta duba, ta shafa da yatsa, ta ce, "Bar shi haka. Ita ma ba a daidai ta tafi ba."

Da Inna ta rasu aka zo rabon abin da ta bari, ni na ɗauki kayan aikin Baba da suke ɗakinta, ƙanwata ta Gama ta ɗauki tufafi. Auta ya ce shi ba ya son komai sai kwanon, don ya riƙa tunawa da Inna. Ya faɗa yana share hawaye. Na ce a raina, gidansa ba ya yoyo, ɓarawo ba ya shiga, gara can. Ni da hannuna na naɗe na ba shi. In ana lissafin wawaye a wannan labari, a fara da ni.

Shekaru suka wuce. Nakan je gidansa da salla, a kai ni ƙaramin falo, 'ya'yansa su zo su ce "Baffa ina wuni" da Hausar da ta sha sanyin na'ura, su gudu. Matarsa, Hajiya, ba ni da abin faɗa a kanta. Tana durƙusawa ta gaishe ni, tana ce mini Yaya, tana cika mini leda. Babban falo kuwa ban taɓa zama a ciki ba, sai dai in hango ta ƙofa. A nan na hango kwanon cikin kabad na gilashi, an kunna masa ƙwai a sama shi kaɗai. Na ji daɗi, wallahi. Baba da ya yi aiki da fitilar aci-balbal, ga aikinsa ana ƙona masa lantarki da rana.

Wata Laraba sai ga wayarsa.

"Yaya, kana da sarari ranar Asabar? Kwanon Inna ya yi baƙi. Zan yi baƙi, akwai wani Farfesa da yake rubutu a kan kayan da, yana son ya gani."

Na ce ina da sarari. Ai sarari shi ne abin da na fi kowa. Na kwana biyu ina murna kamar an ce za a tashi Baba. Za a sa shi a littafi. Har na riƙa gyara yadda zan ba da labarin, inda zan fara, abin da zan tsallake. Na sa aka wanke mini shaddata ta salla.

Ranar Asabar da hantsi na hau adaidaita sahu, da jakar kayan aiki da ƙullin tsamiya da toka. In ka baro Kaura Goje ka shiga GRA, kunnenka ne yake fara sanin ka iso. Ba daka, ba kukan yaro, ba mai tallan komai. Katanga da waya mai ƙaya, sai janareto yana gunaguni a bayan kowane gida kamar wanda aka ɗaure. Mutanen unguwar suna son juna ƙwarai, shi ya sa kowa ya yi katangar da ba zai ga ɗan'uwansa ya dame shi ba.

A bayan gida na zauna, gindin mangwaro. Hajiya ta kawo mini kwanon da wani gwangwanin man goge-goge na ƙasar waje. Na ce ta mayar da gwangwaninta. Na jiƙa tsamiya a ruwan zafi, na tsoma kwanon ya ɗan jima, na tankaɗe toka ta yi laushi, na bi shi da tsumma a hankali. Wanda bai sani ba yakan goge har cikin zane, ya fitar da baƙin duka, kwano ya koma kamar cokalin kanti. Baƙin da ya kwanta a cikin zane shi ne yake nuna zanen, ba a taɓa shi. Na bi idanun ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan na farko na ɗan dakata, na wuce.

Bayan azahar baƙi suka iso. Aka ce in kawo. Ranar na fara taka kafet ɗin babban falo, ƙafata ta nutse har idon sawu. Mutum biyu ne. Farfesan siriri ne mai farin gemu, da tabarau rataye a wuya. Ɗayan wani Alhaji ne mai kamfani, wanda tunda na shiga har na fita aikinsa cin dabino da cewa masha Allah. Na yi sallama, na ajiye kwanon a kan tebur, na ja gefe ina jira Auta ya ce ga yayana.

Farfesa ya dube ni ya ce, "Wannan bawan Allah fa?"

Auta bai kalle ni ba. Ya ce, "Malam ne. Shi yake duba mana irin waɗannan kayan. Tsohon hannu ne."

To. Da aji huɗu na zama Malam, ba jarrabawa. Shaddar da na sa aka wanke ta yi amfani, aƙalla ba a ce mai wanki ba.

Farfesa ya fito da madubin ƙara girma, ya ɗauki kwanon da hannu biyu. Zan faɗi gaskiya, mutumin yana da ido. Ya juya shi, ya leƙa ciki, ya ɗalle shi da farce ya kasa kunne har ƙarar ta mutu. Ya ce, "Babu liƙi. Dokta, ka lura? Daga dunƙule ɗaya aka tayar da shi. Ka ga kaurin bangon, ko'ina daidai. Wanda ya yi wannan ya san azurfa kamar yadda uwa ta san ɗanta." Baba ya mutu wani mai ilimi bai taɓa faɗa masa haka ba. Abin da yake ji kullum shi ne a rage kuɗi, ko an yi latti.

Farfesa ya ce, "A ina kuka same shi?"

Auta ya gyara zaman hula. Ya ce, "Gado ne. Kakanmu alƙali ne. Wani attajirin Balarabe daga Turabulus ya ba shi, bayan ya yi masa shari'a a kan wasu raƙuma. Aikin can ne."

Ya faɗa sumul, ba gargada. Daga jin yadda maganar ta goge ka san ta sha fita. Kakanmu dai ni na san shi, Auta bai tarar da shi ba. Maƙeri ne, kunnensa ɗaya ya mutu saboda ƙarar masaba, gaban rigarsa duk hujin tartsatsi. Sau ɗaya ya taɓa shiga gaban alƙali, a kan akuyar maƙwabci da ta ci masa dawa, kuma shi aka ba rashin gaskiya. Ga shi yau jikansa ya naɗa masa rawani, shekara hamsin bayan ƙasa ta rufe shi. Wannan ai shi ne jin ƙan magabata.

Hajiya tana zuba shayi a lokacin. Ta ajiye butar a hankali, ta miƙe ta fita, ba ta dawo ba.

Alhajin dabino ya ce, "Masha Allah. Amma ai na ji ba a sha da azurfa ko?"

Auta ya ce, "Ai shi ya sa ya ajiye bai taɓa sha da shi ba. Mutum ne mai tsantseni."

Har fatawar limaminmu an haɗa wa alƙali cikin gado.

Daga nan Farfesa ya shiga fassara. Ya ce sawun masabar da ke ciki tuddan yashin sahara ne. Gindin da aka tura ciki rijiya ce a tsakiyar hamada. Ni da na san don yatsan Inna aka yi shi, na tsaya ina ƙaruwa. Da ya zo kan idanun sai ya cire tabarau don daɗi. Ya ce taurari ne guda tara da ayari yake bi. Shida masu layi su ne waɗanda suke faɗuwa su ɓace, uku buɗaɗɗu su ne masu raka matafiyi har gida. Ya ce maƙeran can ba sa zane a banza, kowane ɗigo da ma'anarsa. A nan kam bai yi ƙarya ba, ƙasar ce kawai ya ɓata. Yaran da ƙyanda ta kashe a ɗaki mai yoyo sun zama taurari. Ni ma ashe tauraro ne, ina Kaura Goje ina liƙin tukunya ban sani ba.

Ya juyo wurina. "Malam, kai da kake cikin sana'ar, maƙeranmu na nan za su iya irin wannan?"

Na dubi Auta. Yana kallon kofin shayinsa kamar an rubuta masa wasiƙa a ciki.

Na ce, "Ina fa, ranka ya daɗe. Mu wa ya ba mu."

Farfesa ya ce, "Ka ji mai gaskiya. Irinku sun yi ƙaranci."

Har zuwa nan da na haɗiye. Na saba. Da na karɓi ledata na hau adaidaita na tafi, in riƙa ba matata labari muna dariyar takaici. Amma sai Farfesa ya kai madubinsa kan ido na farko, ya ɓata fuska.

"Kash. Wannan ba hannun mai shi ba ne. Ka ga sauran biyar, layin a miƙe, bugu ɗaya. Wannan kuwa wani ɗan koyo ne ya taɓa shi daga baya, a nan gida. Ga shi ya zame har ya loɓa wurin. Haka mutanenmu suke, a ba su abu mai daraja su lalata. Da za a sami mai hannu ya shafe wannan layin, ya tayar da loɓar, kafin in turo a ɗauki hoto, da ya fi."

A nan ma bai yi ƙarya ba. Ni ne ɗan koyon.

Sai Auta ya ɗago, karo na farko tunda na shigo, ya dube ni ya ce, "Malam, za a iya shafewa? Ka zo da magagari ai?"

Da a rumfa ne da na san abin da zan yi da masaba. Amma Inna ba ta yarda a tona ɗan'uwa a gaban bare, ta dake ni a kan wannan ba sau ɗaya ba, kuma dukan ya zauna. Na ɗauki kwanon na ce, "Sai na gan shi a hasken rana. Dokta, taso ka nuna mini wurin da kyau, kada in shafe wanda ba shi ba."

Ya biyo ni har gindin mangwaro, yana tattare babbar riga don kada ta taɓa ruwan tsamiya. Da muka kai inda ƙarar janareto za ta rufe mu, sai ya koma ƙanena.

"Yaya, don Allah ka yi haƙuri. Ba ka san mutanen nan ba ne. Magana ce ta falo kawai."

Na ce, "Auta, miƙo hannunka."

"Yaya, suna jira."

Na kama yatsansa, mai zoben da ba mu muka ƙera ba, na ɗora a kan ido na farko. "Wane ne wannan?"

Na sake tambaya.

"Tauraro ne? Wanne daga ciki? Mai faɗuwa ko mai raka ayari?"

Ya ce, "Na manta wanne ne na wa. Shekaru da yawa."

"Na farko. Wa Inna ta fara haifa? Ko a ƙasar waje an ce daga ƙarshe ake fara ƙirga?"

Ya zare hannunsa. Ya ce Baba ya riga ya rasu, wannan ba abin da zai rage shi da shi. Ya ce in ya ce shi ɗan maƙeri ne, akwai ɗakunan da ba za a ƙara kallonsa daidai a ciki ba, ni ba zan gane ba tunda ba na shiga. Ya ce 'ya'yansa mata sun tasa, masu neman aure suna binciken asali. Ya ce layin ai ba gogewa za a yi duka ba, a ɗan daidaita shi ne kawai. Yana magana yana waiwayen ƙofa.

Na bar shi ya gama. Na buɗe jaka. Ban ɗauko magagari ba, ƙaramin kurfin Baba na ɗauko, da 'yar masaba. Ya gane shi, na ga ya gane. Na juya kwanon har na zo kan ido na tara, na riƙe a tsakaninmu.

Na ce, "Na Yaya ba zan shafe ba. A karkace na buga shi ina kuka, Inna ta ce a bar shi, haka zai zauna har azurfar ta ƙare. Matar da ta ba ka nono wata biyar ba ta ɓata maka kwano ba. Amma tunda na zo da kaya, akwai aikin da zan iya yi maka yanzu, kuma wannan karon hannuna ba zai yi rawa ba. Ka ga wannan na ƙarshen? Baba ya buga shi ranar sunanka, kafaɗarsa na ciwo, don ya haifi ɗa. Jikan alƙali ba shi da ido a kwanon maƙeri. Ka koma falo ka gaya wa Farfesa sunan wanda ya ƙera shi, ka gaya masa ni wane ne, ka gaya masa taurarin nasa 'yan'uwanka ne. In ba za ka iya ba, ba komai, ba na tilasta wa manya. Sai ka riƙe mini kwanon da kyau, ranka ya daɗe, in rufe naka, in je Gama in gaya wa 'yar'uwata saura mu biyu."